Shekarar da Muka Yi Gadin Kifi

Bazara ta kama a Doha. Da hantsi in ka shiga lungunan kasuwar Souq Waqif, iska ce za ta rufe maka fuska kamar an tsoma tsumma a ruwan zafi an shimfiɗa maka. Riga tana manne wa baya tun kafin ka ɗaga buhu ɗaya. Da rana tsaka ana dakatar da aikin waje, sai mu koma siton gidan abincin da nake aiki, mu zauna kan buhunan shinkafa a gaban na'urar sanyi, kowa ya ciro wayarsa.

A nan Mohan ya nuna mini tafkinsu. Mohan Ba'indiye ne, tare muke sauke kaya. Da Larabcin kasuwa muke magana, in ya ƙare mana mu ƙarasa da hannu. Yana ce mini Habu bai, wai ɗan'uwa ke nan a bakinsu, ni kuma ina ce masa Gajere.

"Habu bai, matso ka gani. Damina ta sauka a garinmu."

Ƙanwarsa ce ta turo masa hoto mai motsi. Ƙauye ne a tsakanin duwatsu, gajimare ya sauko har kan bishiyoyi, ga tafki a tsakiya ya cika ya batse. An rataya ƙyallaye masu launi daga wannan bishiya zuwa waccan, ruwan sama yana jiƙa su. Ya nuna mini ɗakunan ibada na addinai daban-daban a bakin ruwan, kowa da nasa, ga mutane suna zagaya tafkin ba takalmi. Ya ce a wurin ba a sare bishiya, ba a wanki da sabulu, ba a jefa ƙugiya. Sai ga wata tsohuwa a kan matakalar dutse, ya ce uwarsa ce, ƙullin fulawa take sayar wa baƙi. Ta gutsuri kaɗan ta jefa. Ruwan ya hau tafasa. Kifaye ne, baki a buɗe, suna hawan juna, kowanne ya kai kaurin dantsena.

"Ba kwa ci?" na tambaye shi.

"Haram, Habu bai. Tun kakan kakana."

"Ko da yunwa?"

Ya yi dariya. "Wace yunwa? Damuwarmu ɗaya ce. Baƙi sun yi yawa, suna cika musu abinci, ragowar tana ɓata ruwa. Dattawanmu har taro suka yi, wai a rage ba su."

Na miƙa masa wayarsa na ce madalla. Wai taro a kan kifi ya ƙoshi! Ibadarsu ba ta dame ni ba, kowa da addininsa. Ruwan nake yi wa ƙyashi, da yadda yake faɗin abin yana sosa kunne, kamar kowa ma haka garinsu yake. Mu ma mun taɓa yin tafki. Mu ma mun taɓa hana kanmu kifin da ke cikinsa.

Garinmu Tsamiyar Masu, can a fadama, inda kogi yake ambaliya kowace damina ya cika tafkuna. Babana shi ne Sarkin Ruwa. A gabashin tafkinmu akwai wani gurbi mai zurfi da muke kira Rumbu. Idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, nan manyan kifaye suke taruwa da ƙwai a cikinsu. Baba yakan shiga ruwa har ƙirji ya kafa turken kanya, ya ɗaura kaba a kan turken. Daga ranar babu kamun kifi: babu koma, babu birgi, babu mashi a bayan turken nan, har sai sabon ruwa ya shigo ya nutsar da kabar. Sannan kifayen su bazu cikin ciyawa su zuba ƙwai. Baba yakan ce iri ne, kuma ba a cin iri.

Shekarar da nake magana ban daɗe da aure ba, matata Hajara tana goyon ɗanmu na fari. Damina ta ɗauke gero yana da ciki. Mun yi ta kallon gabas har ganye ya naɗe, ya koma fari, ya karye. Kogin ma bai cika ba, ruwan da ya turo mana bai kai gindin tsamiyar da yake taɓawa kowace shekara ba. Abin da muka ɗaure a gona, jaki ɗaya ya kwashe shi. Baba ya kafa turke tun sanyi bai gama fita ba, abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba.

Da farko ba mu ji jiki sosai ba. Mun tace ruwan gefe da koma, muka kwashe ƙananan karfasa har da waɗanda a da muke mayarwa. Inda ruwa ya janye muka bi laka da wake da kankana. Waken ya fito, ya yi ganye huɗu, sai lakar ta tsattsage a ƙarƙashinsa, tsagar da ƙafar yaro za ta shige. Daga nan azumi ya kama, ya zo daidai da tsakiyar bazara.

Na tuna yadda ranakun suke tafiya, don kusan duk iri ɗaya ne. Da asuba mu yi sahur da tuwon dusa da miyar kuka, ba mai ba daddawa, sai gishiri da kanwa. Gari na wayewa Inna da Hajara su ɗauki ƙwarya da fartanya su tafi tonon bado. Tun suna samu a kusa har suka koma sai sun yi nisa, su dawo rana ta take, ƙafa duk faso, da ɗan abin da za a dafa. Mu maza gayya muke yi. Rijiyar gari ta ƙafe, don haka muke haƙa wata a tsakiyar busasshen tafki, mutum ya shiga ya yi ɗan lokaci a ja shi waje, numfashi sama-sama. Ruwan da yake tsatsowa launin koko ne, sai an bar shi ya kwanta. Da azahar gari ya yi tsit. Kaji su buɗe baki a gindin rumbu, awaki su manne da katanga. Leɓe ya bushe har in ka yi magana sai ya tsage. In an kira magariba a sha kunun dusa da tsamiya, a ci bado, a ce alhamdulillahi.

A kan wannan duka sai ga gadi. Baba ya sa an kafa rumfar zana a bakin Rumbu, muna zama bi da bi, saboda tsuntsaye da kuma mutane. Ni ne babban ɗansa, don haka rabona ya fi na kowa. Ka zauna da azumi a bakinka, cikinka yana kuka, ga tarwada tana juyi a gabanka. Takan taso ta haɗiyi iska, ka ji ɓul, ka ga baƙin bayanta yana ƙyalli, ta koma. Wani lokaci kifin nan ragon ruwa ya bugi ruwa da wutsiya har ya fantsamo mini. Na san su ɗaya-ɗaya. Akwai wata mai karyayyen gashin baki da nake yi wa lissafin gidajen da za ta ciyar.

A ɗaya gefen fadamar akwai Marke, garin su Hajara. Su ma suna da nasu gurbin da nasu turken. Azumi na kamawa Sarkin Ruwansu ya shiga ya tumɓuke shi. Suka faɗa kamun kifi, suka cika kwanduna, suka hura wutar banda. Kuma iska daga wajensu take busowa. Da la'asar sakaliya, lokacin da azumi ya fi cizo, sai hayaƙin nan ya iso rumfata. Wallahi har yau in na bi ta bayan gidajen gashin kifi na kasuwar nan ta Doha, yawuna yakan tsinke, raina kuma ya ɓaci a tare.

Wata rana sai ga Ɗanjuma, ƙanen Hajara, a kan jaki. Kusan sa'ana ne, akwai wasa tsakaninmu. Ya tsaya a bakin rumfa, fuskarsa sai sheƙi take yi.

"Ɗan Sarki, barka da gadi. Yaya talakawan naku? Sun kwana lafiya a cikin ruwa?"

"Sun fi ka lafiya."

"Ai na gani. Su suna ƙiba, kai kana ramewa. Yaya Habu, wannan wuyan naka in aka rataya masa gora sai ya karye."

"Ku da kuka cinye irinku, baɗi me za ku kama? Ƙaya?"

"Mu ga baɗin tukuna," in ji shi. Ya zunguri jakinsa ya yi cikin gari.

Banda ya kawo wa yayarsa, a naɗe cikin ganye. Da aka sha ruwa Inna ta kawo ta gaban Baba tana ɗari-ɗari. Ya dube ta ya ce, "Halal ce, ku ci. Mai shayarwa ta fara." Shi kuwa ya jawo kwanon badonsa. Na ɗauki tsoka ɗaya na riƙe ina juya ta.

Hajara ta ce a hankali, "Ka ci mana. Sai hararar kifi kake yi kamar shi ya yi maka laifi."

Na ci. Ta yi daɗin da ban taɓa ji ba, kuma daɗin ne ya fi ba ni haushi. Na yi ta tunanin Ɗanjuma yana cin wannan asuba da magariba, yana suɗe yatsu, alhali bai fi ni iya riƙe koma ba.

A nan Doha, in azumi ya zo, ana kafa manyan tantuna a raba shinkafa da nama a faranti ɗaya mutum biyar, a tashi a bar rabi. Mohan ba ya azumi, amma yakan bi ni ya ci, ya ce shinkafar ba ta kai ta garinsu ƙamshi ba. Nakan dube shi kawai. Mutumin da uwarsa take ciyar da kifi fulawa, me zai sani?

Da azumi ya yi rabi, nonon Hajara ya fara ɗaukewa. Yaron ya kama, ya saki, ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Ba gidanmu kaɗai ba. Sai mazan gari suka taru bayan la'asar suka zo ƙofar gida, Kawu Audu ƙanen Baba yana gaba. Suka zauna a ƙasa, aka gaisa.

Kawu Audu ya ce, "Yaya, mun zo ne a kan turke."

"Turke yana nan inda yake."

"Shi ne muka zo. Ruwan Rumbu ya sauka, jiya na ga gindin turken ya kusa fitowa waje. Yara suna kwana da yunwa. Marke sun buɗe nasu, sama ba ta faɗo musu ba."

"Marke ba ni ne Sarkin Ruwansu ba."

Wani tsoho, Malam Tanko, ya ce, "Ranka ya daɗe, ko rabi ne. A kama maza a bar mata."

"Malam, in koma ta shiga ruwa tana tambayar kifi ko mace ce? In an tayar da lakar nan, wanda aka bari ma ba zai kwana ba."

Sai Baba ya ɗaga hannu ya nuna tsamiyar bakin masallaci. Shamuwa biyu ne a kanta, suna jan kara suna gyara sheƙa.

"Shekaranjiya suka sauka. Tun ina yaro ban taɓa ganin shamuwa ta yi ƙarya ba. Ruwa yana hanya. Mun yi haƙurin wata da watanni, a ƙofar gida za mu zubar?"

Kowa ya ɗaga kai ya kalli tsuntsayen. Kawu Audu ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Allah ya sa shamuwa ta san da yaranmu." Suka watse.

Ni ina bayan Baba. Har zuciyata na yarda da shi, ko da yake cikina bai yarda ba. Amma kwana biyu bayan haka Ɗanjuma ya dawo da jakinsa, ya durƙusa gaban Baba, wannan karon ba wasa a bakinsa. Ya ce iyayensu sun ce a ba su aron Hajara da yaron har abinci ya samu. Baba ya ce Allah ya yi musu albarka. Na raka su har bakin gari. Ɗan Sarkin Ruwa guda, ga kifi cike da gurbi, an ɗauke masa mata a kai ta inda za ta ci kifi. Na tsaya ina kallon bayan jakin, kunya da ƙyashi suna cina, ban san wanda ya fi ba.

Shamuwa ta gama sheƙa, ta kwanta a kan ƙwai, sama fes. Sai ana cikin goman ƙarshe, wata yamma, gabas ta yi baƙi. Iska ta taso ta kwashe zanar rumfata. Aka yi tsawa, ruwa ya sauko da manyan ɗigo masu ɗumi. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Yara suka fito tsirara, mata suna guɗa suna tara ƙore a bakin indararo. Bai daɗe ba ya ɗauke, amma ya isa ya yi gudu a ƙasa. Na ga jan ruwa yana gangarawa daga hanyar shanu, ɗauke da kashin dabbobi da toka da duk dattin rani, yana zubawa cikin Rumbu. Ban kawo komai a raina ba. Bayan sallar magariba Kawu Audu da kansa ya zo ya ce, "Yaya, ka yafe mana." Baba ya yi murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun kaka.

Da gari ya waye na tafi gyara rumfa. Tun daga nesa na ga tsuntsaye sun yi yawa. Da na matso sai na ga Rumbu ya yi fari fat, kamar an shanya tufafi a kansa. Cikin kifaye ne da suka juyo sama. Ruwan jiya ya juyo lakar ƙasa ta taso, gurbin ya koma baƙi yana wari, kifayen sun rasa numfashi. Wasu sun mutu tun da daɗewa sun kumbura, wasu suna gefe baki a sama suna haki. Mai karyayyen gashin bakin tana kwance a kan laka, ƙwai yana fita daga cikinta.

Ban san da wace murya na yi ihu ba. Gari duka ya fito, da kwanduna da ƙore da zannuwa. Babu wanda ya tambayi kowa izini. Muka faɗa cikin lakar muna kwasa. Amma rana ta fito da zafin da ya fi na kullum, irin na bayan ruwa, mai gumi. Itacen banda duk ya jiƙe, sai hayaƙi yake yi ba wuta. Gishirin garin gaba ɗaya bai cika ƙwarya ba. Mata suna feɗewa suna shanyawa a kan zana, ƙudaje suna rufewa. Kafin azahar nama ya fara saki a hannu. Kafin la'asar mutane suna toshe hanci suna amai da azumi a bakinsu. Abin da muka tsira da shi bai kai mu Sallah ba. Sauran muka haƙa rami muka binne, don kada ya jawo mana ciwo. Mun binne abincin da zai kai mu kaka.

Baba yana tsaye a bakin ruwa tun safe, bai taɓa kifi ko ɗaya ba. Babu wanda ya ce masa komai, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Da yamma ya shiga, ruwan ko gwiwarsa bai kai ba, ya girgiza turken ya cire, ya saɓa a kafaɗa ya tafi gida. Ya jingine shi a bayan ɗakinsa.

Ruwan gaske bai zo ba sai bayan Sallah da makonni. A tsakanin nan bandar Marke ce ta riƙe mu. Suna aiko mana a kwando, ba gori ba habaici, har Ɗanjuma ya daina kirana ɗan Sarki, ni kuwa da ya ci gaba da tsokanar da na fi jin daɗi. Da kogi ya cika ya yi ambaliya, ya shigo da kifinsa daga sama, ya zuba a tafkinmu, ya zuba a nasu. Na je Marke ɗauko Hajara, na tarar yaron ya yi kumatu. Na zagaya bakin ruwansu ina leƙa kwandunan masunta, ina neman inda nasu ya gaza namu. Ban samu ba. Sun ci irinsu sun ƙoshi, an kuma ba su wani.

Na ba Mohan wannan labari wata rana, rabi da baki rabi da hannu. Ya girgiza kai ya ce su tafkinsu daga ƙarƙashin dutse ruwansa yake ɓuɓɓugowa, bai taɓa ja da baya ba ko taku ɗaya. Na ce a raina, to ina wahalar haƙuri a nan? Kowa ma zai iya barin kifi in tukunyarsa tana kan wuta. Su an san su da shi, ana tasowa daga nesa a zo a gani. Mu da muka bari da yunwa a cikinmu, ko a Marke ba a ba da labarinmu sai an rage murya.

Da rani ya zagayo tafki ya fara ja, mazan gari suka sake zuwa ƙofar gidanmu, Kawu Audu yana gaba kamar wancan karon. Aka gaisa. Ya ce, "Yaya, lokaci ya yi. Kifi ya fara taruwa a Rumbu. Abin da ya faru ya faru, mu ba mu riƙe ka da komai ba."

Baba ya dube ni ya ce, "Kai, ɗauko."

Na zagaya bayan ɗaki na ɗauko turken, gara ta fara cin gindinsa. Ya karɓa ya ajiye a ƙasa a tsakiyarsu, ya koma ya zauna.

"Ga shi nan," ya ce. "Wanda ya san ranar da ruwa zai zo, ya ɗauka ya kafa."

Muka zauna muna kallon itacen har aka kira magariba. Sai mutane suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana raɓawa ta gefe don kada ya tsallake shi.